Baba Zai Sayar Da Gonarsa Don In Tafi Ƙaro Karatun Hoton Asibiti

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 29. Na karanta aikin ɗaukar hoton asibiti a jami'a, na yi shekarar horo da bautar ƙasa, yanzu shekarata huɗu ke nan a ɗakin hoto na wani babban asibitin gwamnati a Arewa. Ina da aure da 'ya ɗaya mai shekara uku.

Ƙanena yana da sikila. An yi masa ƙarin jini sau da yawa, har likitansa ya fara maganar sinadarin ƙarfe na taruwa masa a hanta. A wata bita da na shiga ta intanet na ji wata farfesa daga Turai tana bayanin yadda ake auna ƙarfen da ke cikin hanta da zuciya da na'urar MRI, a fitar da lamba. Tun ranar abin bai bar raina ba. Na rubuta mata, ta amsa, ta ce akwai gurbin digiri na biyu na bincike, shekara biyu, da alawus, za a buɗe nema nan da wata takwas, amma suna son wanda ya iya lissafi da rubuta manhaja da Python. Ni kuwa Anti, lissafi da fiziks da ƙyar na haye su a jami'a.

A ɗaya gefen, wani ejan ya samo mini gurbi a Ingila, kwas na shekara ɗaya, babu tallafi, kuɗin makaranta kaɗai ya haura fam 20,000. Baba ya ce zai sayar da gonarsa. Maigidana bai hana ba, amma ya yi irin shirun da na san ma'anarsa. Shugaban sashenmu kuma ya ce in daina wahalar da kaina, namu ɗaukar hoto ne, karantawa ta likita ce, kuma MRI ɗinmu ma wata bakwai ke nan a lalace. Anti, yaudarar kaina nake yi? Wanne zan ɗauka?

Ƙanwarki daga Arewa.

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya ba ƙanenki lafiya mai ɗorewa, ya saka wa Baba da gidan Aljanna. Uban da zai ce a sayar da gonarsa don 'yarsa ta yi karatu, ba kowa Allah ya ba irinsa ba.

Da shi zan fara, tun kafin dillali ya kawo mai saye su zagaya iyaka. Ki shirya ki je gida da ƙafarki, ki durƙusa ki yi masa godiya, sannan ki roƙe shi ya bar gonarsa inda take. Gidan da ke da mai sikila bai san daren da za a tashi neman kuɗin jini da na gado ba, gonar nan kuwa ita ce majinginar irin wannan dare. Kuma fam 20,000 da aka faɗa miki kuɗin aji ne kawai. Akwai haya, akwai biza da kuɗin lafiyar da ake biya tare da ita, akwai jirgi, akwai kuɗin da dole a nuna suna kwance a banki kafin a buga miki bizar. Na ga waɗanda suka tafi a haka suka ƙare da aikin dare a gidajen kula da tsofaffi don haɗa kashi na biyu na kuɗin makaranta, da safe su shiga aji ido jawur. Kwalin sun samo, ilimin da suka je nema kuwa rabi suka ɗebo.

Akwai abin da irin waɗannan ejan ba sa saurin faɗa. Tun watan Janairun 2024 Ingila ta daina barin ɗaliban digiri na biyu na zaman aji su tafi da iyali, masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu ne kawai aka bar wa wannan dama. Ke nan ko an sayar da gonar, ke kaɗai za ki hau jirgi. Galibin ejan kuma makarantar ce ke biyansu kamasho a kan kowane ɗalibi, shi ya sa kwas ɗin da ke hannunsu kullum shi ne wanda ya fi dacewa da ke a bakinsu. Kwas na shekara ɗaya ba shi da aibu, wasu suna da kyau ƙwarai, amma yawancin lokacinsa lacca ce da jarrabawa, ɗan binciken ƙarshe wata uku ne ko huɗu. In har ranki ya tsaya a kansa, ki nemi Chevening, wato tallafin karatu na gwamnatin Ingila, ko tallafin Commonwealth su biya. Chevening na neman shekara biyu ta aiki, ke kina da huɗu, sharaɗinsu kuma ki dawo gida ki yi aƙalla shekara biyu bayan kin gama.

Yanzu ga maganar shugabanki, wadda na san ita ta fi yi miki ciwo. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma aikin hoton asibiti ya daɗe yana rayuwa a kan rabin karin maganar na biyu. Daga 1895 da Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus, abin da likita ke samu inuwa ce a kan fim, ya ɗaga ta ga haske ya ƙiyasta da ido. An shafe shekaru sama da 70 a haka. A 1971 aka ɗauki hoton kan mara lafiya na farko da na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka da hasken eksire, da Godfrey Hounsfield ya ƙera, a wani asibiti a Landan, daga nan kowane ɗigo a cikin hoto ya zama lamba. Ke ma kin san lambobin a ka: ruwa 0, iska -1000, kitse wajajen -100, ƙashi ɗaruruwa zuwa sama da 1000. Duk ranar da kika zana ɗan da'ira a kan hoton ƙoda ko ƙwaƙwalwa kika karanta lambar da ta fito, to awo kika yi. Fannin da farfesar nan ke kiranki gare shi ci gaban abin da hannunki ya saba da shi ne shekara huɗu.

Wanda ya ce wannan ba namu ba ne, ki ba shi labarin Kano. Yaro mai sikila na cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun yana ƙarami, saboda jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa na tsukewa. Idan jijiya ta tsuke jini na ƙara gudu a cikinta, kamar ruwan tiyo in an danne bakinsa da yatsa. Ana ɗora kan na'urar sikanin a gefen kan yaron, gaban kunne, a auna gudun. Ƙasa da santimita 170 a sakan ɗaya lafiya lau, daga 170 zuwa 199 a sa ido a maimaita, 200 ko fiye haɗari ne babba. Binciken da Robert Adams ya jagoranta a Amurka, wanda aka buga a 1998, ya nuna ƙarin jini a kai a kai na rage haɗarin da fiye da kashi 90 cikin 100 ga yaran da lambarsu ta kai can. To amma wane gida ne a wajenmu zai iya ƙarin jini kowane wata shekara da shekaru? Sai likitocinmu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka auna yara da wannan hanya, suka gwada maganin haidiroksiyuriya a kan waɗanda lambarsu ta hau. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ƙaramin awon maganin ma yana ba da kariya kwatankwacin matsakaici. Dukan aikin a kan lamba ɗaya ya tsayu, kuma da mai riƙe da kan na'urar bai iya kama jijiyar daidai ba, ko da awonsa na yau ya saɓa da na gobe, da an bai wa yaro mai lafiya magani an sallami mai haɗari. A ƙasar da ake haifar jarirai masu sikila kimanin 150,000 a shekara, ban ga aikin da ya fi wannan zama namu ba.

Ni kaina abin da ya sa na riƙe wannan fanni da gaske wata baiwar Allah ce mai ƙari a hanta, a wani asibiti da na taɓa aiki. An yi mata hoton farko a wajenmu, na biyu kuma bayan zagayen magani aka yi shi a wani wuri don namu na'urar ta tsaya. Rahoto ya zo cewa ƙarin ya girma. 'Ya'yanta suka yi ta kuka a baranda, likitanta ya fara shirin sauya mata magani zuwa wanda ya fi tsada ya fi wahalarwa. Da muka jera hotunan biyu muka duba, sai muka ga kaurin yankan hoton ba ɗaya ba ne, lokacin da aka ɗauka bayan allurar ruwan hoto ba ɗaya ba ne, kuma mai awo na biyu ta wata kusurwa daban ya ja layinsa. Akwai ƙa'idar da likitocin ciwon daji suka amince da ita tun 2000, aka gyara ta a 2009: ba a cewa ƙarin da ake aunawa ya girma sai jimillar tsawonsa ta ƙaru da kashi 20 cikin 100 kuma da aƙalla milimita 5, ba a cewa magani ya ci sai ya ragu da kashi 30. Da aka sake awo a kan ƙa'ida, bambancin bai kai nan ba. Aka bar ta a kan maganinta. Babu wanda ya yi ha'inci a cikin ma'aikatan nan, kowa ya yi iya saninsa, mudunsu ne ya bambanta. Duk matar da ta taɓa awon gero a kasuwa biyu ta san mudun wani gari ba na wani ba ne, ta kuma san mudu mai lotsattsen gindi. Wannan matsalar ce ta sa ƙungiyar likitocin hoto ta Arewacin Amurka ta kafa wani kwamiti a 2007, aikinsa kawai tabbatar da cewa lambar da na'urar wannan kamfani ta bayar a wannan gari ta yi daidai da ta wancan a wani gari.

Inda shugabanki ya yi gaskiya shi ne batun na'ura, kuma kada ki raina wannan gaskiyar. Wani bincike da Farfesa Godwin Ogbole na Ibadan ya jagoranta, aka buga a 2018, ya ƙirga na'urorin MRI 84 a dukan Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, mafi yawansu masu ƙaramin maganaɗisu. Manyan kuwa, irin masu ƙarfin Tesla 1.5 (Tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), maganaɗisunsu a cikin ruwan iskar hiliyam yake zaune, mai sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifili. In wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ta tsaya, hiliyam ya fara tsiyayewa, sake cika shi kuma kuɗi ne mai yawa da jiran injiniya. Awon ƙarfen da ya ɗauki hankalinki a kan na'ura mai Tesla 1.5 aka kafa ƙa'idojinsa. A mai Tesla 3 lambobin na raguwa kusan rabi, a ƙananan namu kuma ba za ki ɗauki waɗancan iyakokin ki ɗora kai tsaye ba. Saboda haka in kika je kika koyi danna maɓallan na'ura guda kawai, za ki dawo ki zauna jiran gyara kamar kowa. Abin da za ki je ɗaukowa shi ne sanin awo kansa: yadda ake gane na'ura ta kauce, yadda ake gwada ta da abin da aka riga aka san lambarsa, yadda ake bambance canjin ciwo da canjin hannun mai awo. Wannan ilimin yana aiki a CT, yana aiki a sikanin, yana aiki a na'urar auna taurin hanta da masu ciwon hanta ke buƙata. Yana aiki har a hoton ƙirji. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa amfani da manhajar kwamfuta wajen duba hoton ƙirji don tace masu tarin fuka daga shekara 15 zuwa sama. Manhajar maki take bayarwa, kuma sai kowane wuri ya tsayar da makin da za a ce daga nan a tura mutum gwajin majina, gwargwadon mutanensa da na'urarsa. Wa zai tsayar mana da namu, in duk masu sha'awa irinki aka ce musu su yi shiru su ɗauki hoto?

Sai tsoron lissafi. Bari in nuna miki girman abin da kike tsoro. Ki tuna makaɗi ya bugi ganga, amon ya tashi ya riƙa raguwa har ya mutu. In ya ɗora tafin hannunsa a kan fatar, amon na mutuwa nan take. MRI haka take: tana bugun ƙwayoyin ruwan da ke cikin nama da igiyar rediyo, ta saurari amon da suke mayarwa. Ƙarfen da ya taru a hanta ko zuciya shi ne tafin hannun, yawansa na sa amon ya mutu da wuri. Sai a ɗauki hotuna da yawa a jere, tsakaninsu 'yan milisakan (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), a karanta hasken wuri ɗaya a kowanne, a ɗora lambobin a kan layi mai gangarowa, a fitar da lokacin da amon ke ɗauka kafin ya sauko zuwa kusan kashi 37 cikin 100 na farkonsa. Wannan lokacin shi ake kira T2*. Masu bincike a Asibitin Royal Brompton na Landan ne suka fito da amfaninsa ga zuciya a 2001: sama da milisakan 20 babu damuwa, ƙasa da 20 ƙarfe ya taru, ƙasa da 10 zuciya na cikin haɗari. Lissafin da ke ƙarƙashin wannan shi ne raguwar da kika riga kika karanta a darasin rabin rayuwar sinadaran nukiliya da raguwar hasken eksire a cikin jiki, tare da logaridim. Gaba za ki buƙaci ƙididdiga sosai, da lissafin jadawalin lambobi, da fahimtar yadda MRI ke mayar da amo hoto. Suna da wuya, ba zan ɓoye miki ba. Amma na lura da yawancin waɗanda suka ce lissafi ya fi ƙarfinsu a jami'a, a aji mai ɗaruruwan mutane aka koya musu shi, babu wanda ya gaya musu me zai yi musu a rayuwa. Ke yanzu kina da hantar ƙanenki a gabanki a matsayin dalili.

Duk da haka sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wata takwas ɗin nan kyauta ce Allah ya ba ki. Kowace na'urar CT tana zuwa da fantom, robar ruwan nan da ake gwada ta da ita, wadda a wurare da yawa tana can saman kabad ta yi ƙura. Ki nemi izinin shugabanki, kowace safiya kafin mara lafiya na farko ki ɗora ta ki ɗauka da saiti iri ɗaya, ki zana da'ira a tsakiya da gefuna huɗu, ki rubuta matsakaicin lamba da yawan warwatsuwarta. Ruwa 0 ya kamata ya bayar, kaucewar kada ta wuce huɗu ko biyar. Ki yi haka kwana 30. A lokaci guda ki sauke Python a kwamfutarki, kyauta ne, ki ware awa ɗaya bayan sallar asuba kafin gida ya tashi. Burinki na farko ƙarami ne: ki buɗe fayil ɗin DICOM na fantom ɗin, wato fayil ɗin da na'urar ke ajiye hoto a ciki, da manhajar da kika rubuta da kanki, ki fitar da lambar da na'urar ta ba ki a allo. Ranar da lambobin biyu suka zo ɗaya, za ki ji wani abu a ƙirjinki da babu laccar da za ta ba ki shi. Daga nan ki sauke 3D Slicer, manhajar duba hotunan asibiti da auna su, ita ma kyauta, ki ɗebo hotunan da aka cire wa sunaye daga rumbun The Cancer Imaging Archive, ki auna ƙari guda ashirin yau, ki sake auna su bayan mako biyu ba tare da duba na farko ba. Ki kwatanta awon biyu da hanyar da Martin Bland da Douglas Altman suka bayyana a 1986, wadda ke nuna tazarar da ke tsakanin awo biyu na abu ɗaya. Za ki yi mamakin yadda hannunki ke saɓa wa kansa, daga ranar kuma ba za ki sake karanta rahoton da ya ce "ya ɗan ƙaru" da irin idon da kike karanta shi a da ba.

Wannan gwajin zai yi miki abu biyu. Zai ba ki abin da za ki aika wa farfesar, shafi biyu na aikin hannunki daga asibitinki, wanda ya fi doguwar wasiƙar "ina da sha'awa" nauyi nesa ba kusa ba. Zai kuma gaya miki gaskiya game da kanki. Bincike yawancinsa zama ne gaban kwamfuta ana neman kuskure ɗaya kwana uku, ana gyara bayanai, ana sake abin da aka ɗauka an gama. Akwai ma'aikatan hoto nagari da suka gwada suka gane ransu na wajen mara lafiya, wajen lallashin tsohuwar da ke tsoron shiga ramin na'ura, wajen samo hoto mai kyau daga yaron da ya ƙi kwanciya. In bayan wata uku kika ga ke ma haka kike, ki karɓa hannu biyu, ki nemi ƙwarewa ta aikin asibiti a MRI ko sikanin, babu faɗuwa a ciki. In kuwa kika kama kanki kina tunanin kuskuren manhajarki kina tuƙa tuwo, to kin samu amsarki.

In za ki nemi gurbin, ki yi wa farfesar tambayoyi, kada kunya ta hana ki. Awa nawa ɗalibi ke samu a kan na'urar bincike? Hotunan da za ki yi aiki a kai suna hannu, ko sai an jira izinin kwamitin ɗa'a mai ba da damar yin bincike a kan mutane, abin da kan cinye rabin shekara biyun? Wa zai zauna da ke kowane mako, ita ce ko wani na ƙasa da ita? Alawus ɗin zai biya haya a garin ya bar na abinci? Ki roƙi ta haɗa ki da ɗalibanta biyu da suka gama, musamman in akwai ɗan Afirka, ki tambaye su yadda take in aiki ya tsaya. Malamin da ke duba aikinki shi ne rabin digirin bincike, sunan jami'a ba ya rama malami mara lokaci. Ki kuma tambaye ta wane irin marasa lafiya take aunawa. Yawancin aikin T2* a Turai a kan masu talasimiya, wani ciwon jini na gado, aka gina shi, su kuwa ƙarfe na saurin kama musu zuciya. A masu sikila hanta ce ta fi ɗauka, zuciya ba kasafai ba. In kika faɗi wannan a wasiƙarki, za ta san da wadda take magana.

Wani abu da nake so ki riƙe da kyau: wataƙila a ce ki kawo hotunan marasa lafiyar asibitinku. Haɗin gwiwa abu ne mai kyau, amma kada ki yarda ki zama 'yar aike. Babu hoton da zai bar asibiti sai da izinin kwamitin ɗa'a a rubuce da yarjejeniya tsakanin cibiyoyin biyu. Fayil ɗin DICOM na ɗauke da sunan mutum da ranar haihuwarsa da lambar katinsa a cikinsa ko da ba su bayyana a allo ba, dole a goge su. Najeriya na da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma ko babu doka, hoton cikin mutum amana ce. Ba a tura shi ta WhatsApp. Tun farko kuma a rubuta sunan wa zai fito a kan takardar da za a buga, da na abokan aikinki da suka ɗauki hotunan.

Aikinki kada ki ajiye shi. Ki nemi hutun ƙaro karatu ta hanyar da dokar aiki ta tanada, ki karɓi takardar amincewa a hannunki kafin ki sayi tikiti, ko da da sharaɗin dawowa ki yi musu wasu shekaru. Sakin reshe a kama ganye ba dabara ba ce. Shugaban naki ma ki ja shi jiki. Ki kai masa jadawalin fantom ɗin ya gani, ki nemi ya sa hannu a takardar shaidarki. Mutumin da ya shekara yana kallon na'ura a mace yana da dalilin yanke ƙauna, ganin aiki a takarda kan sauya irinsu fiye da gardama.

Maigidanki kuwa, shirunsa magana ce, kuma ke kika ce kin san ma'anarta. Kada ya ji labarin neman gurbin bayan kin tura. Ki zaɓi dare mai natsuwa, ki ajiye masa komai a gaba: shekara nawa, nawa ne alawus, yaushe ake hutu, me za ki dawo ki yi. Sannan ki tambaye shi kai tsaye me ya fi damunsa, ki yi shiru ki saurara har ya gama. Wataƙila 'yarku ce, wataƙila bakin dangi, wataƙila zaman kaɗaici, wataƙila tsoron ki tafi ki dawo wata daban. Kowanne da maganinsa, amma ba za ki iya maganin abin da kika ƙiyasta da ka ba. Yarinya mai shekara uku rabuwa da uwa shekara biyu abu ne mai nauyi, kada kowa ya ce miki ba komai. Ki rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar ki tambayi ƙa'idar zuwa da iyali da kuɗin da ake buƙatar nunawa, amsar ta zo a rubuce. Ki tambayi farfesar ko za a iya tsara aikin yadda wani ɓangarensa za ki yi shi a gida. In ya zama dole a bar yarinyar, ku biyu za ku zaɓi hannun da za ta zauna, tun da wuri, ta saba kina nan. Ku yi istihara tare. In ya ce bana ba zai yiwu ba, irin waɗannan gurabe ana buɗe su lokaci bayan lokaci, abin da kika koya a watannin nan kuma yana nan tare da ke.

Ƙanenki kuma kada ya jira digirinki. Kowace ledar jini na shigar da ƙarfe kimanin miligiram 200, jiki kuwa abin da yake fitarwa a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba, shi ya sa yake taruwa. Gwajin feritin da ake yi a jini don ƙiyasta ƙarfen da ya taru yana taimakawa, sai dai zazzaɓi da kumburi na ɗaga shi, don haka ba a yanke hukunci da sakamako ɗaya, jerinsu ake kallo. Akwai magungunan fitar da ƙarfe, na sha da na allura. Ki raka shi wurin likitan jininsa a wannan watan, ki tafi da lissafin ledojin da aka ƙara masa in za ku iya haɗawa, ku tambaya ko lokacin fara maganin ya yi, da kuma ko akwai cibiya mai Tesla 1.5 da za ta yi masa awon hanta. Ki bar likitansa ya zama likitansa, ke ki zama yayarsa, don in kika ɗora wa karatunki nauyin ceton ransa, duk ranar da ciwo ya tashi kina nesa za ki ji kamar ke kika gaza.

Gobe in kin shiga ɗakin hoto ki sauko da fantom ɗin ki goge masa ƙura. Bayan kwana 30 ki turo mini lambobinki mu duba su tare, ki kuma gaya mini abin da Baba ya ce. Ki gaishe mini da shi, da maigidan, da 'yar tawa.

Antinki.